Kwanan Mota A Lokacin Hunturu

Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe Maiduguri da hazo. Da rana akwai ɗumi, amma kafin asuba ma'aunin zafi yakan sauka zuwa wajen digiri 12, wani lokaci ma ƙasa da haka. A unguwar Bulabulin, kamar sauran unguwannin birnin, akwai magidanta waɗanda irin wannan dare yakan riske su a kan hanya, cikin manyan motocin da suke kai kaya Kano ko Gamboru Ngala.

Direba yakan kwana a kan kujerar gaba, ya ɗaga gilasai ya ƙudundune da bargo. Yaron mota kuwa sai ya shimfiɗa tabarma a bodi, ya ja tamfol ya rufa. Idan sanyi ya matsa, a nan ne wasu kan hura gawayi a kasko su shigar da shi cikin motar.

To, wannan dabara ita ce babban hatsari. Gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta shiga, yakan fid da wata guba wadda ba ta da launi ko wari. Mai barci ba ya jin shigarta, sai dai a wayi gari a tarar da shi ya suma ko ya cika. Barin inji yana aiki alhali gilasai na rufe shi ma yana iya jawo haka.

A Amurka da Kanada mutane kan ɗora ɗan ɗaki a bayan a-kori-kura, su tafi daji yawon shaƙatawa cikin ƙanƙara. Sanyinsu ya fi namu nesa ba kusa ba, har ruwan tanki yakan daskare. Amma suna cusa abin tare sanyi a bangon ɗakin, murhunsu yana fid da hayaƙinsa waje ta bututu, kuma suna maƙala na'urar da kan yi ƙara in guba ta taru. Ko da haka sukan bar 'yar kafa domin iska.

Direbobinmu ba don nishaɗi suke kwana a hanya ba, kuma ba sanyi kaɗai suke tsoro ba. Ran 9 ga Fabrairu, 2020, mahara suka afka wa matafiya a garin Auno, inda suka tsaya kwana cikin motocinsu bayan an rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma. An kashe mutum 30 ko fiye.

Saboda haka ya kamata direba ya yi sammako, ya auna tafiyarsa yadda dare zai same shi a tasha cikin gari. In kwanan mota ya zama dole, a bar kasko a waje, a ƙara bargo, a sa hula da safa, a kuma ɗan sassauta gilashi. Masu motoci su ma su tanadar wa yaransu abin rufa. Allah ya kai kowa gida lafiya.