Me Ya Sa Ake Gina Filin Jirgi, Amma Jirgi Ya Ƙi Zuwa?

Idan ka taɓa neman tikitin jirgi daga Sakkwato zuwa Yola, ko daga Kano zuwa Maiduguri, mai yiwuwa ka ga abin da ya ba ka mamaki. Garuruwan duk suna da filin jirgi, duk a Arewa suke, amma sau da yawa sai ka fara gangarawa Abuja, ka yi zaman jira, sannan ka sake hawa wani jirgin ka koma Arewa. Wani kuma garin nasa an gina filin, an ƙaddamar da shi da ganguna da jawabai, yau sai a yi kwanaki jirgin fasinja bai sauka ba, sai dai na gwamna da baƙinsa, sai kuma lokacin jigilar alhazai.

Mutane kan ce siyasa ce, ko kuma ana yi wa Arewa zagon ƙasa. Siyasa tana ciki, ba mu musa ba. Amma akwai lissafi a ƙarƙashin maganar, kuma wannan lissafin shi ne yake aiki a Indiya da Amurka da Sifaniya kamar yadda yake aiki a Dutse ko Birnin Kebbi.

Mu fara da tashar mota, tunda kowa ya san ta. Direba ya sa motarsa a layi, 'yan kamasho suna kira, ba ta tashi sai ta cika. In fasinja sun yi ƙaranci, kai ne za ka biya da lokacinka, ka zauna awa uku kana jiran saura mutum ɗaya. Jirgin sama bai da wannan gatan. An riga an sayar da tikiti a kan zai tashi ƙarfe goma, akwai wani garin da ake jiransa ƙarfe ɗaya, matuƙa suna da iyakar awannin da doka ta yarda su yi aiki a rana. Ya cika ko bai cika ba, tashi zai yi. Kujerar da ta tashi ba kowa a kanta ta zama asara, babu yadda za a ajiye ta a sayar gobe. Ta fi tumatir saurin lalacewa.

Kuɗin da kamfani ke kashewa kuwa kusan ɗaya ne, ko mutum arba'in ne a ciki ko ɗari da arba'in. Albashin matuƙa bai canja ba, kuɗin hayar jirgi bai canja ba, inshora da gyara da kuɗin sauka duk suna nan. Man ma kaɗan ne bambancinsa, domin mafi yawan nauyin da injin ke ɗagawa na jirgin ne da man kansa. Shi ya sa kamfanonin jirage suke da wani ma'auni da suka fi damuwa da shi fiye da komai: kashi nawa cikin ɗari na kujerun aka cike. A duniya gaba ɗaya, matsakaicin ya ɗan haura kashi 80 a shekarun nan, kuma duk da haka ribar da ke saura ba ta taka kara ta karya ba.

To ka ɗauki misali. A ce jirgi ne ƙirar Boeing 737 mai kujera wajen 140, kuma garinku yana iya fitar da fasinja 45 a rana zuwa Abuja. Kashi ɗaya cikin uku kenan. Kamfanin yana da zaɓi uku: ya ninka kuɗin tikiti, wanda zai ƙara korar mutane, ya rage zuwa sau biyu ko uku a mako don fasinja su taru, ko ya ɗauke jirginsa ya mayar kan hanyar Legas da Abuja inda yake cika. Galibi na biyun ake fara gwadawa, kuma nan tarkon yake. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da taro ranar Talata, jirgi kuma sai Laraba da Asabar, zai hau mota ne ya tafi filin da ke da jirgi kullum. Fasinja sun ragu saboda jirgi ya ragu, jirgi kuma ya ƙara raguwa saboda fasinja sun ragu. A hankali sai ka ji shiru.

A Nijeriya akwai ƙarin nauyi. Tikiti da naira ake sayarwa, amma hayar jirgi, da kayan gyara, da babban gyaran da ake yawan kai jirage ƙasashen waje a yi, da horon matuƙa, duk da dala ne. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 wannan giɓin ya ƙara faɗi. Man jirgi, wanda ake kira Jet A1 (wani nau'in kananzir ne mai tsabta sosai), shi ma sai an ɗauko shi a tanka daga Kudu zuwa filayen Arewa, don haka yakan fi tsada a can. Kamfanin da ke da jirage biyar kacal masu tashi ba zai ba da ɗaya ga hanyar da ba ta cika ba.

Yanzu dalilin da ya sa ake bi da kai ta Abuja. A ce akwai garuruwa goma, kana so kowanne ya haɗu da kowanne kai tsaye. Hanyoyi 45 kake bukata. Amma in ka zaɓi gari ɗaya ya zama cibiya, hanya tara sun ishe ka. Jirgin da ya taso daga Sakkwato zuwa cibiyar yana ɗauke da mai zuwa Yola, da mai zuwa Legas, da mai zuwa Fatakwal, da wanda zai wuce Dubai. Kowane rukuni a karan kansa ba zai cika jirgi ba, amma a haɗe sun cika shi. Wannan dabarar ce kamfanin jiragen Habasha ya gina Addis Ababa da ita, har ta zama mahaɗar Afirka. Mai wahala dai shi ne kai, fasinjan ƙaramin gari, da za ka biya tikiti biyu ka kuma ɓata yini guda.

Sai batun nisa, wanda sau da yawa masu gina filin ba sa son a ɗauko shi. Filin jirgi yana da kewayen da yake jan fasinja daga ciki, kuma in babban fili yana kusa, shi ke janye mutanen. Dutse ta samu filinta a 2014, zamanin Gwamna Sule Lamido, kuma fili ne mai kyau. Sai dai tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba ce a mota zuwa Kano, inda akwai jirage da dama a rana. Mutumin Dutse da ke sauri ya san inda zai nufa. Kaduna kuma wata matsalar ce daban: ta yi kusa da Abuja, kuma tun 2016 akwai jirgin ƙasa tsakaninsu. Kafin ka je fili, a caje ka, ka jira, ka tashi, ka sauka, ka shigo gari daga filin Abuja, wanda ya bi ƙasa ya kusa isa. Lokacin da aka rufe filin Abuja na mako shida a 2017 don gyaran titinsa, filin Kaduna ya cika maƙil. Da aka buɗe Abuja, cunkoson ya koma inda ya fito. Maiduguri da Yola da Sakkwato kuwa nisansu ne ke riƙe da su. Tafiyar yini guda ce a mota, ga rashin tsaro a wasu hanyoyin, don haka duk mai hali jirgi zai nema.

Kano kanta darasi ce a kan wannan. A watan Nuwambar 1925 jiragen sojan saman Birtaniya guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma a 1936 aka fara zirga-zirgar jirgi tsakanin Khartum da Kano. Shekaru da dama bayan haka, jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka a Kano suke yada zango su sha mai, domin jiragen wancan zamanin ba sa iya ƙetare Sahara su ci gaba da tanki ɗaya. Da aka samu jiragen da ke cin dogon zango, sai suka riƙa wucewa ta sama. Kano ba ta yi laifin komai ba, fasaha ce ta canja. Haka ya faru da Gander a Kanada, wadda a da kusan duk jirgin da zai ƙetare Tekun Atlantika sai ya tsaya a can. Abin da ke riƙe Kano a yau shi ne fasinjan da take da su na kanta: 'yan kasuwa, da masu zuwa Umra da Hajji, da ɗalibai da marasa lafiya masu zuwa Masar.

Ka san kuma filin jirgi ba ginin da kake zama a ciki ba ne. Wannan ginin shi ya fi fitowa a hoto, amma kamfanin jirgi wasu abubuwan yake tambaya. Tsawon titin nawa ne, kuma zai ɗauki nauyin wane jirgi? A nan kimiyya ta shigo. Iska mai zafi ta fi mai sanyi sakwarkwacewa, wato ƙwayoyinta sun fi warwatsuwa. Fiffike yana samun ɗagawa ne daga yawan iskar da yake turawa, injin ma iskar yake zuƙa. A ranar da zafi ya haura digiri 40 a Sakkwato ko Maiduguri, jirgi sai ya ƙara gudu a ƙasa kafin ya ɗaga, ko kuma a rage masa kaya. Tsayin wuri ma haka yake yi. Filin Jos yana sama da mita 1,200 daga matakin teku. Shi ya sa filin da ake so babban jirgin alhazai ya tashi daga cikinsa, cike da mutane da man da zai kai shi Saudiyya, yake bukatar titi mai kilomita uku ko fiye.

Sai 'yan kwana-kwana. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kasa filaye mataki goma gwargwadon girman jirgin da za su iya kashe wa gobara. Boeing 737-800 yana bukatar mataki na 7, Boeing 747-400 kuwa na 9. Motocin da ruwan da ma'aikatan dole su kasance a shirye ko da jirgi ɗaya ne zai sauka a ranar. Haka fitilun titi: filin da ba shi da su, da magariba ta yi ya rufe, jirgin da ya makara daga Legas kuwa sai a soke tafiyar. Ga katanga don hana dabbobi shiga, ga janareta, ga ma'aikatan hasumiya.

Sannan hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mafi yawa daga wani kwari a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Matuƙi na bukatar ya hango titi kafin ya sauka. Akwai na'urar da ake kira ILS, wadda ke aika siginar rediyo biyu, ɗaya na nuna wa jirgi tsakiyar titi, ɗaya na nuna masa gangarar da zai biyo. Mataki na farko na wannan na'urar yana sauko da jirgi har zuwa kusan mita 60 daga ƙasa, matuƙar ana iya hangen mita 550 a kan titin. Filin da ba shi da ita, ko kuma tana nan amma ba a gwada daidaitonta a kan lokaci ba, yana iya yin kwanaki a jere ba jirgi. Kamfani kuwa ba ya manta filin da ya sa shi mayar wa mutane kuɗinsu.

Duk waɗannan kuɗi ne da ake kashewa kullum, kuma kuɗin shigar fili daga fasinja da jiragen da suka sauka yake fitowa. Shugabannin hukumar FAAN sun sha faɗa cewa filaye 'yan kaɗan ne, Legas da Abuja a kan gaba, ke ɗaukar nauyin sauran. Ba mu kaɗai ke da wannan ciwon ba. A Sifaniya an ƙaddamar da filin Castellon a 2011, amma jirgin fasinja na yau da kullum bai fara zuwa ba sai 2015. Na Ciudad Real kuwa an buɗe shi a 2008, zuwa 2012 an rufe.

To me ke aiki? Abu na farko shi ne jirgi daidai da gari. Fasinja 45 ɗin nan da suka zama asara a Boeing 737, in ka zuba su a Embraer 145 mai kujera 50, jirgi ya kusa cika. Jirage masu farfela irin su ATR 72, masu ɗaukar mutum wajen 70, sun fi tsimin mai a gajeriyar tafiya, kuma gajeren titi ya ishe su. Mutanenmu kan ɗauka jirgi mai farfela tsohon yayi ne ko bai da tsaro; ba haka ba ne, injinsa ɗan gidan su injin jet ne, farfelar kawai yake juyawa. Kamfanin Overland ya daɗe yana amfani da irin waɗannan zuwa ƙananan garuruwa, Rano Air na Kano kuma da Embraer 145 ya fara aiki a 2023.

Na biyu shi ne tallafi, amma mai ƙa'ida. Amurka ta sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, kuma a shekarar ta kafa shirin biyan kamfanoni don kada su guje wa ƙananan garuruwa. A baya an daɗe ana aiki da sharaɗin cewa garin da bai wuce mil 70 daga babban fili ba, ba zai samu ba. Indiya ta fito da shirin UDAN a 2016: ana karɓar ɗan haraji daga manyan hanyoyi a tallafa wa ƙanana na tsawon shekara uku, a kuma ƙayyade farashin rabin kujerun. An farfaɗo da filaye da dama, amma hanyoyi da yawa sun mutu da tallafin ya ƙare, wanda ke nuna cewa tun asali fasinjan ba su kai ba. A nan gida wasu gwamnatocin jihohi kan yi yarjejeniya da kamfani cewa za su biya kuɗin kujerun da ba a cike ba. A ganinmu dabarar ba laifi ba ce, in dai an bayyana wa jama'a nawa ake biya a wata da kuma ranar da za a daina. Jihar Akwa Ibom ta bi wata hanyar, ta kafa nata kamfanin, Ibom Air, a 2019, amma jiha ce mai kuɗin mai, kuma jiragen nata suna cin kasuwar wasu garuruwan ban da Uyo.

Saboda haka in ka ji an ce za a gina sabon fili a jiharku, ko za a faɗaɗa wanda ake da shi, akwai tambayoyin da suka fi "biliyan nawa zai ci" amfani. Mutum nawa ne daga jihar suke hawa jirgi yanzu, kuma daga wane fili suke tashi? Awa nawa ne a mota zuwa babban fili mafi kusa? Wane kamfani ne ya sa hannu cewa zai zo, da wane irin jirgi, sau nawa a mako? In an ce na dakon kaya ne, wane kaya ne mai tsadar da zai biya kuɗin jirgi, kuma ina ɗakin sanyin da za a ajiye shi? Sannan wa zai biya albashin 'yan kwana-kwana da man janareta a watanni goma sha ɗayan da ba a jigilar alhazai?