Kiɗan kologo a kwamfuta: daga Bongo zuwa iyakar Kulungugu

A Turai lokacin zafi ake sakin waƙoƙin rawa. A arewa maso gabashin Ghana kuwa sai an gama girbi, kuɗi sun shiga hannu, bukukuwa irin Samanpiid na Kusasi a Bawku sun kankama.

Tushen kiɗan shi ne kologo, molon ƙwarya mai tsirkiya biyu na mutanen Frafra, ɗan'uwan gurmin Hausa. King Ayisoba ne ya kai shi birni, har waƙarsa ta zo ta ɗaya a gasar mawaƙan Ghana ta 2007. Yanzu a ƙananan situdiyo ake haɗa shi. A garin Bongo, Francis Ayamga kan ɗora muryar mawaƙi a kan gangar kwamfuta mai sauri. Shi ya haɗa kundin Linda Ayupuka da wani kamfanin Ingila ya fitar a 2022. Wanda kunnensa ya saba da waƙoƙin fina-finan Kano ba zai ji sautin baƙo ba, sai dai wannan ya fi zafi, kuma ba ruwansa da lallashi.

Yaɗuwarsa ba ta jiran kamfani. Mai cajin waya ya tura maka a memori, direba ya tsallake Kulungugu da shi zuwa Bittou ta Burkina Faso. Ko pesewa ɗaya ba ta isa hannun mawaƙin ta wannan hanya. Abincinsa na wajen biki da makoki. Shi ya sa dokar hana fitar dare da aka sha sabuntawa a Bawku take taɓa aljihun makaɗa kai tsaye.