Daga gadar Yakité zuwa Béloko: tafiyar miji da mata a ƙasar shingaye

Gadar Yakité ƙarama ce, ɗaya daga cikin mashigan Kilomita Biyar, unguwar kasuwanci ta Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, wadda kowa ke kira PK5. A shekarun 2014 da 2015 nan ne duniyar Musulmin unguwar ta tsaya. Wanda ya haye ta sanye da jallabiya ya sayar da ransa. Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi, waɗanda kakannin yawancinsu suka zo fatauci tun zamanin Faransa, sai ga su a tsare cikin 'yan tituna, ba zuwa babban asibiti, ba zuwa banki. Maƙabartarsu da ke unguwar Boeing ma ta gagare su, har sai da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu a Fabrairun 2016.

In aka ce ƙasa a rufe take, hankali kan tafi Koriya ta Arewa, inda baƙo ba ya motsi sai da ɗan rakiyar gwamnati. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya kullen ya samo asali ne daga raunin hukuma. Seleka, gamayyar 'yan tawaye da yawancinsu Musulmi ne, ta ƙwace Bangui ranar 24 ga Maris 2013, 'yan anti-balaka, mayaƙan da suka tashi adawa da ita, suka afka wa birnin ranar 5 ga Disamba, jagoran Seleka Michel Djotodia ya sauka daga mulki a Janairun 2014, daga nan aka shiga farautar Musulmi da sunan ramuwa. Chadi da Najeriya suka kwashe mutanensu, dubbai suka bi manyan motoci zuwa Kamaru. Farkon 2015 Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 36,000 ne ke tsare a wurare bakwai, ciki har da Boda da Carnot da Yaloké da unguwar Hausawa ta Bouar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wannan hali ya shiga tsakanin miji da mata. A wurinmu tafiya tare ita ce kwanciyar hankalin mace, ko biki za ta ko haihuwar fari a gidan iyaye. A PK5 lissafin ya juye. Namiji mai gemu da suna irin namu shi ne abin zargi: ɗan Seleka ne, ɗan Chadi ne, ko mai kai musu rahoto. Zamansa kusa da matarsa a mota na iya jawo mata abin da ba za ta gamu da shi ba da ita kaɗai ce. In kuma ya bar ta ta tafi ita kaɗai, ya san abin da ke hanya. Rahoton Human Rights Watch na 2017 ya tattara shaidar mata da 'yan mata kusan 300 da mayaƙan ɓangarorin biyu suka yi wa fyaɗe ko suka tsare a matsayin bayi. Gaba kura, baya sayaki. Gidajen da auren ya haɗa Musulmi da Kirista, kuma suna da yawa a Bangui, su suka fi shan wuya, don wurin da ɗaya zai tsira shi ne wurin da za a kashe ɗayan.

Hanyar fita ɗaya ce mai kwalta: daga Bangui ta Boali, Bossembélé, Yaloké, Baoro da Bouar, zuwa Béloko a bakin iyaka, a tsallaka zuwa Garoua-Boulaï ta Kamaru. Kilomita wajen 600 ke nan, kuma ta nan mafi yawan kayan ƙasar ke shigowa daga Douala. A lokacin rikicin motoci kan tafi cikin ayari da rakiyar sojojin ƙasashen waje, na Tarayyar Afirka da farko, sannan na MINUSCA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, daga Satumban 2014. A Yaloké, Fulani wajen 500 suna kallon ayarin na wucewa ta gabansu, amma hukuma da sojojin rakiya suka hana su hawa, wai kada a ce an taimaka wajen raba ƙasar da Musulmi. Kafin ƙarshen 2014 fiye da 40 daga cikinsu sun mutu da yunwa da cuta. Wannan hukunci ne da aka yanke a ofis, da kyakkyawar niyya ma a cewarsu, kuma ban ga hujjar da za ta wanke shi ba.

Yau harbe-harbe sun yi sauƙi a Yakité. Paparoma Francis ya shiga babban masallacin unguwar ranar 30 ga Nuwamba 2015, jama'a suka bi ayarinsa suka fita. Ƙarshen 2019 'yan kasuwa suka yi fito-na-fito da ƙungiyoyin “kare kai” da suka koma karɓar kuɗi a hannunsu, 'yan sanda suka dawo. Shingen hanya kuwa yana nan. Cibiyar bincike ta IPIS da ke Beljiyam ta ƙirga fiye da 280 a faɗin ƙasar a 2017, wasu na 'yan tawaye, da yawa na jami'an gwamnati. Shinge bai wuce gora ko igiya a gicciye ba, da rumfa a gefe. Fasinja su sauka, a tattara katunan shaida, a riƙa kira ɗaya bayan ɗaya ana biyan abin da suke ce wa “formalité”. Mai suna Usmanu ko Hawwa ya san za a ƙara masa tambaya: ina aka haifi mahaifinka? Yana jin harshen Sango kamar kowa, a Bangui aka binne cibiyarsa, duk da haka sai ya kawo hujja. In aka tsare miji, matar ta zaɓa cikin 'yan mintuna: ta sauke kaya da yara ta zauna, ko ta bi motar da ba za ta jira ba.

Katin shaidar kansa wahala ne. Dokar kasafin 2020 ta yanke sefa 4,500, amma abin da aka riƙa karɓa ya kai 6,750, kuma Musulmi sun daɗe suna kukan ana neman su kawo takardun haihuwar iyaye, wani lokaci har na kakanni, abin da ba a tambayar maƙwabtansu. Takardun mutane da yawa sun ƙone tare da gidajensu a 2014.

Sai takardar aure. Dokar iyali ta ƙasar, ta 1997, auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari kaɗai ta sani. Wanda aka ɗaura a masallaci, da waliyyai da shaidu da sadaki da goro, ba shi da matsayi a gaban jandarma, ko da ma'auratan sun aurar da 'ya'ya. Matar da aka tsare mijinta ba ta da abin nunawa cewa ita ce iyalinsa. A bakin iyaka kuma ana iya tambayarta izinin uban yaran da ke hannunta. Limaman PK5 da ofishin gunduma ta uku, inda unguwar take, za su iya rage wannan, in aka sauƙaƙa wa waɗanda suka yi auren masallaci rajista, aka kuma maye takardun haihuwar da suka salwanta ba tare da tonon asalin kaka ba. Masu dawowa daga sansanonin gabashin Kamaru sun fi kowa buƙata, domin da yawansu can suka yi aure, can suka haihu.