Gayauna da Wuta-wuta: Abin da Ke Tauye Noman Mata da Matasa

A tsarin noma na gargajiya a ƙasar Hausa, gona iri biyu ce. Akwai gandu, wato babbar gonar gida da ke hannun maigida, wadda da ita ake ciyar da iyali. Akwai kuma gayauna, ɗan fegin da ake yankar wa mace ko saurayi domin biyan ƙananan buƙatu. Sau da yawa amfanin gayauna ba ya taka kara ya karya, sai a ɗora laifin a kan rashin ƙwarewa ko kasala. Ilmin halittu yana nuna cewa al'amarin ya wuce haka.

Da farko, takin dabbobi da sharar gida gandu ake fara kai wa, gayauna kuwa sai abin da ya saura. Haka lokacin aiki yake. Saurayi ba ya zuwa gayaunarsa sai ya tashi daga gandu, matar da ke kulle kuma sai ta sami kuɗin biyan 'yan ƙwadago. Saboda haka shuka da noman farko sukan yi latti, alhali a makonnin farko ne ciyawa ta fi cin ƙarfin shuka.

A irin wannan gajiyayyiyar ƙasa ne wuta-wuta, wadda masana ke kira Striga hermonthica, ta fi yin ɓarna. Ita tsiro ce mai rayuwa a jikin dawa da gero da masara. Tushe guda yana zubar da dubban ƙwayoyi masu kama da ƙura, waɗanda kan kwanta a ƙasa fiye da shekara 10. Ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari da saiwar hatsi ke fitarwa, wanda aka fara gano irinsa a saiwar auduga a 1966. Abin lura shi ne, idan ƙasa ta rasa sinadaran fosfaras da naitirojin, saiwar takan ƙara fitar da shi. Wato yunwar shuka ce ke tayar da maƙiyinta. Da zarar ƙwayar ta tsiro, sai ta maƙale wa saiwa tana tsotse ruwa da abinci, tun kafin a gan ta a sarari.

Maganin wannan annoba sananne ne: zuba taki, da tuge wuta-wuta kafin ta yi fure, da sauya hatsi da waken suya ko gyaɗa ko auduga, waɗanda ke yaudarar ƙwayar ta tsiro ta mutu don ta rasa wurin kamawa. Har ila yau, cibiyoyin binciken noma na Samaru da Ibadan sun fitar da iri masu jure mata. Sai dai wannan aiki ne na shekaru, gayauna kuwa aro ce. Wanda bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba, da wuya ya zuba mata dukiyarsa. Ga shi kuma ba shi da takardar mallaka da banki zai karɓa jingina.

A 2011 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa da mata manoma a ƙasashe masu tasowa za su sami kayan aiki daidai da maza, amfanin gonakinsu zai ƙaru da kashi 20 zuwa 30 cikin 100.

Don haka gyara yana farawa ne daga gida. Idan maigida ya tabbatar wa ɗansa ko matarsa fegi na shekaru masu yawa, ya ba su rabonsu na taki da ranakun aiki, ya kare gandunsa ma, domin iska da ruwa da kofaton dabbobi suna ɗauko ƙwayar wuta-wuta daga gayauna su kai ta gonar da ke maƙwabtaka da ita.