Wanke Auduga Kafin Ɗinkin Bargo: Ya Kamata Ko Bai Kamata Ba?

Masu sauraro, jawabin kimiyya na yau ya shafi wata tambaya ce wadda ta daɗe tana damun teloli da matan gida, watau in za a ɗinka bargo mai cushen auduga, a fara wanke audugar da ƙyallen tukuna, ko kuwa a ɗinka su yadda aka sayo su.

Birnin Jidda wuri ne mai kyau da za a dubi wannan magana. Shi ne mashigar alhazai a bakin Bahar Maliya, akwai kuma Hausawa da yawa da suka zauna can tun kaka da kakanni, waɗanda ake kira 'yan Takari. A Hijaz akwai wani mayafi mai kauri da Larabawa ke kira lihaf, ƙyalle biyu ne da auduga a tsakaninsu, an bi su da ɗinki. Mai sana'ar yinsa sunansa munajjid, a dā kuwa da baka yake shiɓar audugar, irin bakan shiɓa na matan Hausa, sai dai nasa ya fi girma ƙwarai, da guduma ta itace ake kaɗa tsirkiyarsa. Jidda kanta ba ta cika sanyi ba, amma Ɗa'ifa da ke kan duwatsu tana da sanyi sosai, haka kuma Madina a lokacin hunturu. Bahaushe ma ba baƙon wannan ɗinki ba ne, gama lifidin da mayaƙa ke sa wa dawakai a dā ta wannan hanya aka yi shi.

To, me ke sa auduga ta tsuke in ta sha ruwa? In aka sa silin auduga guda a madubin likita mai girmama abu, za a ga ba madaidaici ba ne, a murɗe yake, a baje kamar busasshen ganyen albasa. Sa'ad da ya jiƙe sai ya kumbura, kaurinsa ya ƙaru sosai, tsawonsa kuwa kusan ba ya sākewa. A cikin saƙa, zaren tsaye yana bi ta saman zaren kwance ne, sa'an nan ya bi ta ƙarƙashin na gaba. In zaren kwance ya kumbura, hanyar da zaren tsaye zai bi ta ƙara nisa ke nan, tun da yake kuwa shi bai ƙara tsawo ba, dole ya jawo 'yan'uwansa su matso kusa da juna. Ƙyalle ya gajarce ke nan.

Akwai dalili na biyu. A masaƙa, inji yana jan zare da ƙarfi tun daga kaɗi har zuwa naɗe bandir, a kuma sa masa sitati ya bushe a miƙe. Ruwa ne ke narkar da sitatin ya saki zaren, ya koma yadda yake so. Shi ya sa wankin farko ya fi kowane rage yadi, kuma tsawo ya fi fāɗi raguwa. Akoko da irinsa na ƙyallen da ba a gyara ba yakan ragu da kashi 5 har zuwa kashi 10 cikin 100. Alhajin da ya yanki harami mai yadi 2 daidai, watau inci 72, in ya ragu da kashi 5 kaɗai, ya yi hasarar inci 3 da rabi. Ga siririn mutum ba kome, ga mai jiki kuwa sai an yi ta gyaran ɗauri a filin Arfa.

A shekarar 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya sami rajistar wata dabara ta jiƙa ƙyalle da tururi a matse shi cikin inji tun a masaƙa, domin ya gama tsukewarsa kafin ya zo kasuwa. Yadin da aka rubuta wa Sanforized ba ya ƙara raguwa fiye da kashi 1 cikin 100.

Saboda haka maganar ƙyallen sama da na ƙasa ba ta da wuya. In ba wanda aka matse a masaƙa ba ne, a wanke shi, a shanya, a goge, sa'an nan a sa almakashi. Wannan wanki yana da wani amfani kuma, yana fitar da rarar rini. Jan yadi da mai shuni su ne suka fi zuba, in kuwa aka haɗa su da fari ba a wanke ba, aikin mako uku yana iya ɓaci cikin kwano guda.

Audugar ciki ita ce ke bukatar lura, domin iri-iri ce. Wadda aka shiɓa da baka, ko da injin shiɓa, sili-sili take, ba abin da ya riƙe ta sai iskar da ke tsakaninta, wannan iska kuwa ita ce ke tsare ɗumin jiki. In aka tsoma ta a ruwa sai ta dunƙule, ta zama curi-curi, ba ta sāke amfani sai an busar an mai da ita wurin mai shiɓa. Wannan kam ba a wanke ta. Abin da ya kamata shi ne a tsince ɓarɓashin gurya, gama yana da mai, yakan fito da tabo a jikin farin ƙyalle, sa'an nan a yi ɗinki kurkusa, kada tazara ta wuce inci 2 ko 3, domin kada auduga ta gangara kusurwa guda. Audugar rimi ita ma haka, har ta fi: silinta rami ne a ciki, da kakin da ke hana ruwa shiga, shi ya sa a dā ake cusa ta cikin rigar ceto ta jirgin ruwa, amma tana da saurin karyewa in aka cuɗa ta.

Sai kuma audugar kamfani wadda ake sayarwa a naɗe kamar tabarma, inji ya riga ya sassoke ta da allurai har silinta ya sarƙe. Masu yinta sukan rubuta cewa tana raguwa da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Bargo mai inci 80 zai iya rasa inci 4 ke nan, fuskarsa kuma ta yi 'yan ƙananan tamoji. Waɗansu wannan tamoji suke so, suna ganin shi ne adon bargo. Wanda ke son nasa ya kwanta sumul, ko an ba shi awon gado ba ragi, sai ya jiƙa ta cikin ruwan ɗumi, kada ya cuɗa, kada ya murɗa, ya danne ruwan da tafin hannu, ya shimfiɗa ta a kwance, domin in an rataya ta nauyin ruwa zai ja ta ta yage. Ta roba kuwa, irin zaren da Whinfield da Dickson suka ƙago a Ingila a 1941 aka sa masa suna Terylene, ba ta shan ruwa sai kaɗan, jiƙa ta ɓata lokaci ne.

A Jidda akwai wani abin lura da babu shi a Kano ko Maraɗi lokacin rani. Iskar bakin teku cike take da laima, auduga mai kauri tana iya bushewa a waje alhali cikinta da damshi. In aka rufe ta da ƙyalle a haka, sai ta yi fumfuna, ta yi wari, baƙin tabonta kuwa da wuya ya fita. Gara a ƙara mata yini guda a rana, a juya ta, da a yi gaggawar ɗinki.

Wanda bai tabbatar da irin abin da ya saya ba, yana iya gwadawa da ɗan ƙyalle kaɗan. Ya yanki guntu, ya zana masa inci 10 a tsaye da inci 10 a kwance, ya wanke shi da irin ruwa da sabulun da za a riƙa wanke bargon da su, in ya bushe ya sāke aunawa. In ya sami inci 9 da rabi, to, kashi 5 ke nan ya ragu, sai ya ƙara wannan a lissafinsa kafin ya yanka sauran.