Lakar da ke Danne Iskar Gas



Ranar 16 ga Janairun 2012, wuta ta tashi a dandalin haƙa na KS Endeavor, a teku daura da gaɓar jihar Bayelsa, inda ake haƙa wa kamfanin Chevron rijiyar gas. Mutum 2 suka rasu, wutar kuma ta kwana 46 tana ci a kan ruwa. Gas ne ya fi ƙarfin abin da aka danne shi da shi.

To, da me ake danne shi? Da laka, wadda famfo ke turawa cikin rijiya ta dawo sama. Ana dama ta da ruwa ko mai, a zuba yumɓun bentonait don ta yi kauri, sannan a ƙara garin barait, wani dutse da ya ninka ruwa nauyi fiye da sau 4. Ana haƙo irinsa a Azara ta jihar Nasarawa.

Ga yadda injiniya ke lissafi. Duk zurfin mita 10 na ruwa yana danna ƙasa da kusan ba 1, ma'aunin matsi ke nan. A mita 3,000, ruwa zalla zai ba da ba 300. Idan aka ƙiyasta gas ɗin da ke can yana turowa da ba 450, dole lakar ta ɗan haura nauyin ruwa sau ɗaya da rabi. Ƙiyasi ne fa, daga binciken girgizar sauti da bayanan rijiyoyin maƙwabta, domin ba wanda ya taɓa sauka ya gani.

Wani zai ce a loda barait kawai a huta. Ina! Laka in ta yi nauyi fiye da kima sai ta tsaga dutsen, ta zurare ciki, rijiya ta rage cika, gas ya samu hanya. Yana hawa yana kumbura, har ɗan kumfa ya ninku sau ɗaruruwa kafin ya iso sama.

Shi ya sa ni, a duk dandalin haƙa, ba wanda nake girmamawa kamar mai tsaron kwatamin laka. Tsakar dare yana tsaye, ido a kan ma'auni. Da ya ga lakar da ke dawowa ta fi wadda aka tura, sai ya ankarar da mai haƙa, a tsayar da famfo, a duba. In laka ta ci gaba da malalowa alhali famfo a kashe yake, nan take a rufe bakin rijiya.