Ƙidayar Launukan Alawa a Matsayin Hanyar Gwada Iƙirarin Masana'anta

1.0 Gabatarwa

Uwargidan da ta fito daga unguwar Magajiya zuwa kasuwar Suleja sayen wake ba ta zazzage buhu domin ta san yawan tsakuwar da ke ciki. Hannu take tsomawa ta ɗebo kaɗan, ta duba, ta yanke hukunci a kan buhun baki ɗaya. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda masana ƙididdiga suka bi irin wannan hanya wajen gwada abin da wata masana'anta ta faɗa game da launukan alawarta.

2.0 Iƙirari da Gwaji

A shekarar 2008 kamfanin Mars na Amurka ya bayyana cewa a cikin kowace ƙwaya ɗari ta alawar M&M's akwai shuɗiya 24, ruwan lemo 20, koriya 16, rawaya 14, ja 13, sai ruwan ƙasa 13. Ba a sa ran ƙunshi guda ya zo daidai da wannan rabo, kamar yadda ɗiba biyu daga buhu ɗaya ba sa fito da tsakuwa daidai wa daida. Abin tambaya shi ne: wane giɓi za a ɗora wa dace, wanne kuma ya yi girman da zai rushe iƙirarin? Karl Pearson ya samar da ma'aunin wannan a 1900. Akan ɗebe adadin da ake tsammani daga wanda aka samu, a ninka bambancin da kansa, a raba da adadin da ake tsammanin, sannan a tara sakamakon dukkan launukan. Gwargwadon girman jimillar, gwargwadon raunin iƙirarin.

A 2017 wani masanin ƙididdiga, Rick Wicklin, ya ƙirga ƙwaya 712. Bisa rabon 2008, shuɗiya ta kamata ta kai kimanin 171, koriya kuma 114. Sai ya tarar da shuɗiya 133, koriya 139, giɓin da dace kaɗai ba ya haifarwa. Da ya tuntuɓi kamfanin, aka shaida masa cewa ma'aikatu biyu ke yin alawar, ɗaya a jihar Tenesi ɗaya a Niyu Jasi, kowace da rabonta. Ƙidayarsa ta dace da rabon Tenesi.

Ga mai son maimaita gwajin da Hausa akwai wata matsala ta harshe: abin da wani zai kira ruwan lemo, wani ruwan goro zai ce, wani kuma ya haɗa shi da ja. Wajibi ne masu ƙirga su daidaita sunayen launuka kafin a buɗe ƙunshin farko.